Sabha: Hajar da Ba Ta Biyan Kuɗin Shinge

Ƙanwata ce ta bugo mini waya bayan sallar isha'i, muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, ɗanka ya ce shi sai Libiya. Har ya sayar da babur ɗinsa. Kai ka san hanyar nan, kuma maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka hana shi." Na ce to, ta turo mini shi da safe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. In na ce wa yaron babu komai a can sai wahala, na yi ƙarya, kuma ya san ƙarya ce, tunda kwanon da ke rufe da ɗakin uwarsa da kuɗin Sabha na saya. In kuma na ce ya tafi, wani abu ya same shi, alhakin yana wuyana. Abin da na kwana ina juyawa shi ne na ga ya dace in rubuta wa 'yan'uwa fatake, don na san ba gidanmu kaɗai ake irin wannan waya ba.

Na fara shiga Sabha a 1998, a saman wata babbar Marsandi da aka yi wa lodi har ba a ganin ƙarfenta, jarkokin ruwa na reto ta ko'ina. Daga Agadas zuwa Dirku, daga Dirku zuwa Madama, a ƙetare iyaka a Tumo, a faɗa Gatrun. Mun fi mako biyu a hanya. Yau masu Hilux suna cinye ta cikin kwana uku ko huɗu in Allah ya kiyaye. Amma abin da ke kama idon baƙo bai canja ba: bayan kwana da kwanaki ba ka ga ko tsinken ciyawa ba, sai kawai ka ga kore. Dabino jere-jere, albasa, tumatir, kankana, ciyawar dabbobi. Alhali ruwan saman da ke sauka a Sabha a shekara da ƙyar yake kai milimita 10. Mu a Damagaram, yayyafin da ba ya hana mata shanya ya kusa kai haka.

Garin kansa ba wani kyau ne da shi na a zo a gani ba. Gidajen bulo ne masu launin ƙasa, tituna masu faɗi, ƙura. Akwai ganuwar nan da Italiyawa suka gina a kan tudu, wadda hotonta ke bayan tsohuwar takardar dinari goma. A nan Gaddafi ya yi makarantar sakandare kafin a kore shi, a nan kuma ya yi shelar Jamahiriyya ranar 2 ga Maris, 1977. Tarabulus na can arewa, tafiyar fiye da kilomita 700. In ka shiga unguwar Gurda ko Mahdiyya, kunnenka zai ji Larabci, Tubanci, Buzanci, Barbarci da Hausa a layi ɗaya. Na taɓa cinikin bargo da wani tsohon Balarabe ina ta fama da guntun Larabcina, sai ya ce mini, "Kai, yi Hausarka mu gama, rana na yi."

Ba zan ɓoye mummunan gefen ba, don masu karatu sun san shi. Tun daga 2011 garin bai zauna daidai ba. An yi faɗa tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012, aka sake a 2014. Akwai gidan bashi, inda ake tsare yaro ana dukansa, a kira iyayensa su ji kukansa har sai sun sayar da gona. Ni da kaina na taɓa bi rumfa-rumfa ina haɗa kuɗin fansar ɗan garinmu. Duk wanda ya ce maka hanyar nan lafiya lau ce, ko dai shi ne mai motar, ko yana da kamasho.

To, amma maganar koren nan ta daɗe tana cin raina. Wata Juma'a mai masaukina, wani dattijo Bafazzane da muke cinikin dabino da shi, ya ce in raka shi gaisuwar mutuwa wajen Jarma, kamar kilomita 150 yamma da Sabha a kan hanyar Ubari. Kwari ne dogo, Wadil Hayat, wanda tsofaffi ke kira Wadil Ajal. Hannun dama tudun yashi ne har iyakar gani, hannun hagu baƙin tsauni. Muna cikin tafiya sai na lura da wasu 'yan tsibin ƙasa a jere, kamar kabarin yara, sun taso daga gindin tsaunin sun miƙe ɗoɗar zuwa cikin kwari. Layi bayan layi. Na ce, "Ya Haj, wace annoba ce ta kashe mutane haka?" Ya yi dariya har ya saki sitiyari. Ya tsaya da motar, ya ce in zo in leƙa.

Rijiyoyi ne, yawancinsu yashi ya cike. Sunan abin fuggara. Ga yadda yake: a je gindin tsauni, inda ruwan ƙasa ya fi kwarin tudu, a haƙa uwar rijiya har a tarar da ruwa, wani wuri zurfin ya kai mita 40. Daga nan a yi ta haƙa ƙananan rijiyoyi a jere, tsakaninsu kamar taku goma sha, ana haɗa gindinsu da rami ta ƙarƙashin ƙasa. Ramin yana da ɗan gangare kaɗan, daidai yadda ruwa zai gudu ba tare da ya zaizaye bango ba. Sai ruwan ya bi ramin da ƙafarsa, dare da rana, ya ɓullo a bakin gona. Ba guga, ba jaki, ba fetur. Rijiyoyin nan na tsakani ta nan ake fitar da ƙasa, ta nan iska ke shiga, ta nan ake sauka yasa. Masu binciken kufai sun ƙirga irin wannan rami fiye da 500 a wannan kwari kaɗai.

Na tsaya ina tunanin wanda ya auna gangaren nan a cikin duhu, ba shi da komai sai igiya da fitilar mai. In ya yi kuskure kaɗan ruwa ya tsaya, in ya zarce rami ya rufta. Daga baya na bi diddigin maganar, na tambayi malamai, na karanta abin da na samu. Ashe mutanen Jarma na wancan zamani, waɗanda Rumawa ke kira Garamanti, su ma koyo suka yi. An san wannan dabara a ƙasar Farisa, an yi ta a dausayoyin yammacin Masar kimanin shekara 2,500 da suka wuce, lokacin da Farisawa ke mulkin Masar, sannan ta biyo ayari ta iso Fazzan ƙarnoni kaɗan kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wato wani ne ya je fatauci ko aiki, ya gani, ya tambaya, ya riƙe a ka.

Ruwan nan shi ya mai da zango ya zama birni. Suka noma alkama, sha'ir, inabi, ɓaure da dabino. Abin da ya fi burge ni kuma shi ne, a cikin tokar murhunsu an tono ƙwayar gero da dawa da irin auduga. Alkama da sha'ir amfanin sanyi ne. Gero da dawa na zafi ne, kuma daga wajenmu suka hau, daga kudu. Da suka haɗa biyun, sai gona ɗaya ta riƙa ba da girbi sau biyu a shekara: ruwa da dabarar gabas, iri na arewa a lokacin ɗari, iri na kudu a lokacin bazara. Har yau Bafazzane yana ce wa dawa gafuli, kalmar da ta fito daga bakin Barebari, waɗanda sarakunansu na Kanem suka mulki Fazzan a ƙarni na 13, wakilinsu na zaune a Taragin.

Da na nuna mamakina, dattijon ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ruwan ya gudu ƙasa, ya bar su." Gaskiya ne. Ruwan ƙarƙashin Sahara tsohon ajiya ne, ba a zuba sabo. Da ya ja baya, ramukan suka bushe, aka koma jigo da guga. Akwai kuma abin da shi bai faɗa ba, ni ma ban tayar ba don muna hanyar ta'aziyya: wa ya yi haƙan? Wa ya yi ta jan guga a lambunan Murzuk shekara ɗaruruwa bayan nan? Da yawansu bayi ne da aka koro daga Borno da ƙasar Hausa. Wani ilimin a kan raƙumi ya ƙetare hamada, wani kuwa da ƙafa ya taka, da mari a wuya.

Mu ma ai mun karɓa. Duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san Alfindiki da Dandalin Turawa. Turawan nan ba na Ingila ba ne, Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, don da can su ake kira Turawa. Alfindiki kuwa daga kalmarsu ta masaukin fatake ta samo suna. Su ne aka sani da cin alkama a Kano, daga gidajensu alkaki da alkubus da gurasa suka fita suka zama namu. A ɗaya ɓangaren, jar fatar akuya da majemanmu suka jeme ta bi ta Tarabulus ta shiga Turai, can aka laƙa mata sunan Maroko. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Murzuk a 1850 ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 aƙalla, kuma ya ce ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus.

Sai aka wayi gari a 1911 Italiya ta kama Tarabulus, layin dogo kuma ya iso Kano. Kaya suka juya ta Ikko. Ayari ya mutu, Murzuk ta koma ƙauye mai tsohuwar ganuwa. Gashin jimina, hauren giwa, duk wanda ya zuba dukiyarsa a nan ya tashi a tutar babu. Amma je ka Jakara gobe da asuba ka ga mata nawa ke ciyar da gidajensu da tanderun gurasa.

Haka na gani a Abzin. Masu lambu a Tabelot da Timiya suna da wata rijiya da suke kira takarkart: sa ko raƙumi ke jan babban wasaki mai hanci kamar na giwa, in ya iso sama ya juye kansa cikin kwararo. Dattawansu suna cewa daga Fazzan aka kawo ta. Da ita mutum ɗaya da yaro da dabba suke shayar da abin da masu jigo biyar ba za su iya ba. Da injin ban-ruwa na fetur ya zo daga Nijeriya, ya tarar da mutanen da suka riga suka san fangali da rabon ruwa, shi ya sa albasar Agadas ta kai har Abijan. Inji kaɗai bai isa ba. Na san garuruwan da aka raba injin kyauta, bayan wata shida yana kasuwa.

Zinariya ma haka ta yi. Duwatsun Jado suna nan tun Annabi Adamu, ayarinmu na wuce su, ba wanda ya san yana taka arziki. Sai a 2014, bayan 'yan Sudan da 'yan Cadi sun ƙware da na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe a ƙasa, labari da gwaninta suka biyo hamada, Jado ta cika, sannan Cibarakatan. Ba a jima ba injinan niƙa dutse suka bayyana a wajen Murzuk da Gatrun. Na ga masu shayi sun zama masu Hilux, na kuma ga waɗanda rami ya rufta da su, da waɗanda zaiba ta lalata wa hannu. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017. Abin lura a nan, wanda ya san karanta dutse da saita na'ura shi ke ɗaukar babban kaso. Namu yaran galibi diga da shebur aka miƙa musu.

Wannan shi ne ciwon da nake ji game da Sabha ta yau. Shiga kowace mazra'a a bayan gari, wato gona, za ka tarar ɗan Kance ne ko ɗan Matamai ko ɗan Tawa ke ciki. Shi ne mai shuka, shi ne mai girbi, shi ke kwana da kare. Wani ya shekara bakwai. Tambaye shi zurfin rijiyar, ko dokin injin nawa ne, ko wane taki ake zubawa a tankin da ke haɗe da tiyo mai ɗigo, sai ya ce, "Wallahi Alhaji, mudir ne ke yi." Wani mudir ɗin da gangan yake ɓoyewa. Amma sau da yawa yaron ne bai tambaya ba, hankalinsa na kan ƙarshen wata da canjin dinari. Ga jami'a a garin, har da sashen koyon aikin gona, amma tsakaninta da leburan da ba shi da takarda kamar tsakanin sama da ƙasa ne. Ga kuma tsoro: wanda ke jiran a kama shi kowane lokaci ba ya zama koyon abin da sai an shekara ake gane shi.

Mu 'yan kasuwa ma ba mu da bakin zargin kowa. Wa ya taɓa nuna wa ɗan'uwansa inda yake sari?

A cikin dubun dubatar da suka gudo gida a 2011, mutum biyu nake yawan tunawa. Na farko maƙwabcina ne. Ya dawo da talabijin, janareta, katifu, barguna, har da firij a saman mota. Unguwa ta fito kallo. Kafin shekara biyu, ni na sayi janaretan, don matarsa za ta haihu ba ko sisi.

Na biyu wani yaro ne daga wani ƙauye kusa da Gidimuni, gabas da Damagaram, inda ake da kwari mai dabino da rake. Shi a shinge aka ƙwace masa komai, har takalmi. Da silifa ɗaya da rabi ya iso Dirku, ni na biya masa kuɗin mota. Shekara huɗu ya yi a gonar dabinon wani tsoho a bayan Sabha, tsohon ba ya iya hawa, don haka dole ya koya masa komai. Na sake haɗuwa da shi bayan shekaru a kasuwar Dole, yana sauke buhunan dabino nasa na kansa. Ya rantse sai na je na ga gonar.

Abin da ya nuna mini mai sauƙi ne har abin ya ba ni haushi. A gonar mahaifinsa, dabino daga ƙwallo yake fitowa, duk inda aka tofar. Ƙwallo kuwa caca ce: kusan rabi maza ne da ba sa haihuwa, kuma ba za ka sani ba sai ka yi shekaru kana ba su ruwa. Matan ma kowace da irin 'ya'yanta, wata zaƙi, wata sai awaki. A Fazzan ba mai yin haka. Uwa mai kyau ake zaɓa, a yanke ɗan da ya tsiro a gindinta da wani ƙarfe mai faɗin baki, a dasa. Abin da zai haifa sak na uwar, kuma cikin shekara huɗu zuwa biyar ya fara. Na biyu, ba a barin iska ta yi aure. In namiji ya yi huda, sai a yanko, a tsaga hudar macen, a cusa silli kaɗan a ciki, a ɗaure. Su suna ce masa talkihi, shi yaron aurar da dabino yake cewa. Da haka namiji ɗaya ya ishi mata kamar hamsin, sauran mazan a sare su a ba mata wuri. Na uku, in nono ya yi yawa a rage, don sauran su yi girma.

Ya ce da ya fara sare mazan, mahaifinsa kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba. 'Yan ƙauye suka ce Libiya ta taɓa masa kai. Sai da suka ga nonon farko.

Na tambaye shi ko ya kawo irin Fazzan, talis ko tagiyat, waɗanda muke saro wa mutane lokacin azumi. Ya ce, "Baba Alhaji, na gwada. Na sa direba ya kawo mini 'ya'ya shida a jiƙaƙƙen buhu, kuɗi masu yawa. Huɗu suka mutu. Biyun da suka rayu, in damina ta kama su da 'ya'ya sai su ruɓe, ba su san ruwan sama ba. Sai na gane ba itacen zan ɗauko ba. Na koma na bi kwarinmu ina ɗanɗana dabinon mutane, duk uwar da ta yi mini, in sayi ɗanta." Yanzu, in ji shi, lokacin huda ba ya zama: masu gonaki har daga wasu ƙauyuka ke zuwa ɗaukarsa a babur, kuma ya koya wa yara biyar hawa da ɗauri. Akwai abin da ya ƙi kwaikwaya. Ya ga yadda a Fazzan kowa ke ƙara zurfin rijiya shekara-shekara, ga kuma ruwan Jabal Hasawna da ake turawa Tarabulus ta bututun babban kogin Gaddafi tun 1996. Ya ce tsohon da ya koya masa kullum kukansa ke nan, dabinon kakanninsa da ke shan ruwa da saiwarsu sun bushe a tsaye. Don haka shi famfon sola ƙarami ya sa, da tiyo mai ɗigo, ba ya malale gona.

Da safe ɗan ƙanwata ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa. Ya riga ya shirya jin faɗa. Na ba shi labarin gidan bashi ba tare da na rage komai ba, har sunan unguwar da muka kai kuɗin. Na gaya masa dinarin yau ba na zamaninmu ba ne. Ya ce, "Kawu, duk na ji wannan. Amma zaman me zan yi a nan?"

Ban da amsar wannan, don haka na tambaye shi me zai je ya koyo. Ya ce aiki zai je yi. Na ce na ji, aikin me, kuma in an tare ku a shinge an ƙwace jaka da waya, me zai rage maka? Ya yi shiru. Can ya ce wani abokinsa yana aikin jibis a Sabha, irin adon silin ɗin nan da masu kuɗin Damagaram da Maraɗi ke nema yanzu, har ana ɗauko masu yi daga nesa. Na ce to wannan magana ce. Amma akwai waɗanda suka riga suka koyo shi suka dawo, biyu na sani a nan garin. Muka yi yarjejeniya: zai yi wata shida a hannun ɗayansu, kuɗin babur ɗin na wajena ba mai taɓawa. In wata shida ta cika ya ga har yanzu sai ya tafi, zan haɗa shi da direban da na yarda da shi da kuma gidan da zai sauka, ya tafi a matsayin mai sana'a.

Uwarsa ba ta ji daɗi ba, ita so take in ce a'a kawai. Ta ce, "Yaya, ai ba ka hana shi ba, ɗaga masa ranar ka yi." Na ce haka ne.

Wata huɗu ke nan yanzu. Shekaranjiya ya biyo ta rumfata da yamma, gashin kansa da girarsa fari fat da garin jibis, ya karɓi jikka biyu daga cikin kuɗinsa zai sayi ma'aunin ruwa na magina. Na tambaye shi maganar tafiya. Ya ce tana nan, bai fasa ba, amma maigidansa ya karɓi aikin wani gida mai hawa biyu, sai sun gama tukuna.